Rungis: Jirgin Mutane Ya Iso, Jirgin Abinci Ya Tsaya

A ranar 24 ga watan Yunin shekara ta 2024 shugaban ƙasar Faransa Emmanuel Macron ya buɗe sabon reshen layin dogo na ƙarƙashin ƙasa mai lamba 14, wanda ya haɗa tsakiyar birnin Paris da filin jirgin sama na Orly, ya kuma ratsa ta bakin babbar kasuwar abinci ta Rungis. Kafin wannan wata ya ƙare, wani jirgin ƙasa na dabam da ya daɗe yana kawo wa kasuwar 'ya'yan itatuwa da kayan lambu daga birnin Perpignan na kudancin ƙasar ya yi jigilarsa ta ƙarshe. Na farkon ya samu biki da jawaban manya, na biyun kuwa ya tsaya ne shiru, in ban da ƙorafin ƙungiyoyin ƙwadago da wasu zaɓaɓɓun wakilan yankin. Waɗannan abubuwa biyu da suka faru a wuri ɗaya cikin 'yan kwanaki ƙalilan sun nuna ƙarfin tsarin da Faransa ke bi wajen tsara sufuri da auna tasirinsa a kan muhalli, sun kuma tona babban giɓin da ke cikinsa.

Cikin birnin Paris

Garin Rungis yana kimanin kilomita 7 ne kudu da Paris, kuma dangantakarsa da cikin mutanen birnin ba ta yau ba ce. Tun a shekara ta 1613 aka fara gina magudanar da ta riƙa kai ruwan maɓuɓɓugan Rungis zuwa Paris. Amma abin da ya ɗaga sunan garin a duniya shi ne kasuwarsa. A farkon watan Maris na shekara ta 1969 aka kwashe tsohuwar kasuwar Les Halles daga tsakiyar Paris aka mayar da ita can, bayan da manyan motoci suka riƙa toshe titunan birnin a kowane dare. 'Yan nama suka bi sahu a shekara ta 1973.

Kasuwar tana da faɗin hekta 234, tana ɗauke da kamfanoni kimanin 1,200 da ma'aikata wajen 12,000, kuma ana ƙiyasin cewa mutum miliyan 18 ne ke cin abincin da ke bi ta cikinta. Kamfanin Semmaris ne ke tafiyar da ita. Waɗanda suka zaɓi wurin sun duba hanyoyi ne kafin komai: ga babbar hanyar mota ta A6 da ta tashi daga Paris zuwa Lyon, ga tsohuwar hanyar ƙasa ta N7, ga layin dogo, ga kuma filin jirgin sama na Orly a maƙwabtaka. Daga baya aka ƙara hanyar zobe ta A86. A taƙaice dai, cunkoson da aka kora daga tsakiyar birni ya samu masauki ne a garuruwan Chevilly-Larue da Thiais da Fresnes da shi kansa Rungis, inda fiye da motoci dubu 20 ke shiga kasuwar a kowace ranar ciniki, dubbai daga cikinsu kuwa tireloli ne.

A lokacin da aka yi wannan ƙaura babu wata doka da ta tilasta wa gwamnati ta binciki abin da aikin zai jawo wa iska ko ƙasa ko barcin maƙwabta. Amurka ce ta fara kafa irin wannan doka a ƙarshen shekara ta 1969. Faransa ta kafa tata a ranar 10 ga watan Yulin 1976, kuma daga cikinta ne aka samo ƙa'idar da ake bi har yau mai matakai uku: a kauce wa ɓarna tun farko, in ba ta kaucewa a rage ta, abin da ya rage kuma a biya diyyarsa ta hanyar gyara wani wuri. A shekara ta 1983 aka ƙarfafa dokar jin ra'ayin jama'a kafin a amince da manyan ayyuka, a 1995 aka kafa hukumar shirya mahawarar jama'a ta ƙasa, sannan a 2009 aka samar da hukumar muhalli da ke duba ingancin rahotannin da masu ayyuka ke gabatarwa, ta kuma bayyana ra'ayinta a fili.

Abin da aka cim ma

A ɓangaren jigilar mutane dai babu mai musun cewa an ga canji. A shekara ta 1993 aka buɗe layin bas na TVM mai hanyarsa ta musamman, wanda ya haɗa kasuwar da garuruwan da ke gabashinta. A watan Nuwamban 2013 taragon cikin gari mai lamba T7 ya fara aiki daga Villejuif zuwa Athis-Mons, tafiyar kilomita 11 da 'yan kai, kuma aikin ya zama dalilin sake fasalin hanyar N7, wadda a da ta raba unguwanni biyu kamar kogi. Sai kuma layi na 14, wanda aka ƙara masa kilomita 14 ta kudu, yana kai fasinja daga Orly zuwa tsakiyar Paris cikin mintoci 25.

Shi wannan layi wani ɓangare ne na gagarumin shirin nan na Grand Paris Express, wanda dokar ranar 3 ga watan Yunin 2010 ta kafa harsashinsa, mai tsawon kilomita 200 da tashoshi 68. An yi mahawarar jama'a a kansa daga ƙarshen 2010 zuwa farkon 2011. Reshen kudu na layi na 14 ya bi ta matakin jin ra'ayin jama'a a shekara ta 2015, gwamnati ta ayyana shi a matsayin aikin amfanin jama'a a 2016, kana aka shiga haƙa. Wato an shafe shekaru 14 tsakanin doka da buɗewa, kuma bisa ga dukkan alamu wasannin Olympics da aka fara a Paris a ƙarshen watan Yulin 2024 sun taimaka wajen hana wa'adin zamewa.

Binciken muhalli ya fito da matsalolin da mai shiga jirgi ba ya gani. Mafi girmansu ita ce ƙasar da ake tonowa daga ramuka, wadda aka ƙiyasta za ta kai tan miliyan 45 a ɗaukacin shirin. Hukumar da ke aikin ta yi alkawarin sake amfani da kashi 70 cikin 100 na wannan ƙasa, an kuma kwashe wani ɓangare ta kogin Seine da layin dogo. Amma mafi yawanta manyan motoci ne suka ɗauka, kuma mazauna ƙauyukan da ake jibge ta, musamman a jihar Seine-et-Marne, sun daɗe suna kukan cewa an mayar da su jujin babban birni. Kazalika layi na 18, wanda aka tsara zai tashi daga Orly zuwa Versailles, ya gamu da adawar manoma da masu fafutukar kare muhalli a tudun Saclay, duk da cewa tun a 2013 aka killace fiye da hekta dubu 4 na yankin don noma da daji. Tsoronsu shi ne duk inda aka dasa tasha, gine-gine na nan tafe. Ko ƙarin kilomita 3.7 da za a yi wa taragon T7 zuwa Juvisy ya sha jinkiri na shekaru, a wani ɓangare saboda takaddama a kan ramin da zai bi ta ƙarƙashin wani lambun shaƙatawa na garin.

Duk wannan ja-in-ja alama ce ta tsarin da ke aiki, domin kuwa ana wallafa rahoto, jama'a su karanta, masu ƙorafi su garzaya kotu, wani lokaci a sauya zane. To sai dai akwai wani abu da ya kamata a lura da shi game da ita kanta kasuwar. Rumfar kifi tana buɗewa ne da ƙarfe biyu na dare, 'yan nama su biyo baya kafin asuba, alhali jiragen ƙarƙashin ƙasa na Paris suna hutawa daga wajen ƙarfe ɗaya na dare zuwa biyar da rabi na safe. Saboda haka ma'aikacin da ya fi buƙatar sabuwar tashar, wato mai sauke kaya da tsakar dare, har yanzu motarsa ko bas ɗin dare ne abin dogaronsa wajen zuwa aiki.

Labarin jirgin kayan lambu

A ɓangaren kaya kuwa labarin tufka da warwara ne. Birnin Perpignan, kusa da iyakar Spain, shi ne mashigar tumatir da lemo da sauran kayan lambun da ke fitowa daga Spain da Maroko. Shekaru da dama jirgin dare mai taragu masu sanyaya kaya yana ɗaukar su ya iso Rungis kafin gari ya waye, tafiyar da ta haura kilomita 800. A wajajen shekara ta 2010 an kashe kimanin Euro miliyan 20 wajen sabunta tashar jirgin da ke cikin kasuwar. Amma ba a sabunta taragun ba, har suka kai shekaru 40 suna aiki. A watan Yulin 2019 aka dakatar da jirgin, kuma a lokacin an yi ƙiyasin cewa hakan na nufin ƙarin tireloli tsakanin dubu 20 zuwa dubu 25 a kan hanya a kowace shekara.

Hayaniyar da ta biyo baya ta sa firaminista Jean Castex, wanda shi kansa ya taɓa riƙe magajin gari a wannan yanki na kudu, ya sake ƙaddamar da jirgin a watan Oktoban 2021. Sai dai cutar da ta kwantar da shi ba ta warke ba. Jirgin yana zuwa da kaya ya koma kudu kusan wayam, alhali direban tirela yakan samu lodin komawa, ya kuma kai kaya har ƙofar mai saye. Bugu da ƙari manyan kantuna sun gina rumbunansu a wurare dabam-dabam, ba su dogara da Rungis kaɗai ba.

Abin da ya ƙarasa shi daga birnin Brussels ya fito. A watan Janairun 2023 Hukumar Zartaswar Tarayyar Turai ta buɗe bincike a kan tallafin fiye da Euro biliyan 5 da ake zargin an ba Fret SNCF, reshen jigilar kaya na kamfanin jiragen ƙasa na gwamnati, ba bisa ƙa'idar gasa ba. Domin guje wa hukuncin mayar da kuɗin, gwamnatin Faransa ta amince a rushe kamfanin, ya kuma saki layukan jigila 23 ga abokan gasarsa. Layin Perpignan zuwa Rungis na cikinsu. A ranar 1 ga watan Janairun 2025 aka maye gurbin kamfanin da wasu sababbi guda biyu, Hexafret da Technis. A nasa ɓangaren kamfanin Semmaris ya zaɓi kamfanin VIIA domin gina sabuwar tasha a cikin kasuwar, wadda za ta riƙa karɓar kwantena da bayan tirela kai tsaye daga kan jirgi. Shawara ce mai ma'ana, tun da ita ce za ta iya magance matsalar komawa wayam, amma an dakatar da tsohon kafin sabon ya kammala.

A nan ne giɓin yake. Wanda zai haƙa ramin kilomita ɗaya ko ya sare itatuwan lambu wajibi ne ya gabatar da rahoto mai ɗaruruwan shafuka, ya tsaya gaban jama'a ya amsa tambayoyi. Wanda zai dakatar da jirgin da ke ɗauke wa hanya dubban tireloli kuwa babu irin wannan wajibi a kansa, domin a idon doka shawarar kasuwanci ce. Binciken tasiri yana auna abin da za a gina, ba ya waiwayar abin da aka daina, ko da kuwa hayaƙin da na biyun zai haifar ya zarce wanda na farkon ya rage. Wannan kuwa na faruwa ne a ƙasar da sufuri ke fitar da kusan kashi ɗaya cikin uku na iskar da ke ɗumama duniya, wadda kuma a dokarta ta yanayi ta shekara ta 2021 ta sa wa kanta burin ninka rabon jirgin ƙasa a jigilar kaya daga kashi 9 zuwa kashi 18 cikin 100 nan da shekara ta 2030.

Ɗaya bakin hanyar

Wanda ya bi hanyar A6 daga Rungis ya nufi kudu zai tarar da irin wannan matsala a birnin Lyon. A shekara ta 1971 aka buɗe ramin Fourvière, aka ratsa tsakiyar birnin da babbar hanyar da ke ɗaukar fiye da motoci dubu 100 a rana. A ƙarshen 2016 gwamnati ta amince a cire kilomita 16 na wannan hanya daga jerin manyan hanyoyin ƙasa, hukumar birnin ta karɓe ta, ta rage gudu zuwa kilomita 70 a sa'a, ta kuma keɓe layi ga motocin da suka ɗauki fiye da mutum ɗaya. An yi watsi da shirin sabuwar babbar hanya zuwa Saint-Étienne a 2018, haka ma shirin ƙarasa zoben yammacin birnin bayan da jam'iyyar masu kare muhalli ta lashe zaɓen 2020. Amma layin dogon da zai zagaya da jiragen kaya ta bayan gari, wanda aka amince da ɓangarensa na arewa tun a 2012, ya daɗe a kan takarda. Ita ma kasuwar sari ta Lyon, da aka mayar garin Corbas a 2009, da mota take rayuwa.

Tsakanin biranen biyu an samu nasara a kan fasinja tun a 1981, lokacin da jirgi mai saurin gudu na TGV ya fara aiki, wanda daga baya ya mayar da tafiyar ta sa'o'i biyu. A watan Mayun 2023 aka haramta jigilar fasinja ta sama daga Orly zuwa Lyon da Nantes da Bordeaux, ko da yake masu suka sun nuna cewa an riga an daina waɗannan jirage tun a 2020.

Iskar da mutane ke shaƙa ita ce alƙalin wannan lamari. A watan Oktoban 2019 kotun Tarayyar Turai ta samu Faransa da laifin wuce haddin iskar NO2, wadda akasari daga hayaƙin dizal take fitowa. Babbar kotun da ke shari'a tsakanin gwamnati da jama'a ta ci tarar gwamnati Euro miliyan 10 a 2021, miliyan 20 a 2022, da wasu miliyan 10 a 2023, inda ta ambaci Paris da Lyon a matsayin biranen da suka rage a baya. A 2025 kotun ta ce matakan da aka ɗauka sun wadatar. Amma a wannan shekarar ce kuma majalisar wakilai ta kaɗa ƙuri'ar soke dokar hana tsofaffin motoci shiga manyan birane, bisa hujjar cewa talaka da ƙaramin ɗan kasuwa ne ke ɗanɗana kuɗarta. Hukumar lafiya ta ƙasar dai ta ƙiyasta cewa ƙurar hayaƙi na da hannu a mutuwar mutum kusan dubu 40 a kowace shekara.

Darasi ga Kano da Maraɗi

Mai karatu a Najeriya ko Nijar ba baƙo ba ne ga wannan labari. Layin dogon da ya iso Kano a 1911 shi ne ya riƙa kwasar gyaɗa da fatu da shanu zuwa Legas, kafin ya durƙushe ya bar wa tirela fage. A yau hatsin Dawanau da tumatirin Kadawa da albasar Galmi duk ta kan kwalta suke tafiya, kuma duk wanda ya san kasuwar Mile 12 ya san yawan kwandunan da ke isa a ruɓe. Dogaro da hanya ɗaya yana da haɗarin da ya wuce hayaƙi. A ƙarshen watan Fabrairun 2021, da dillalan abinci da shanu suka dakatar da lodi zuwa kudu na kimanin mako guda, farashi ya yi tashin gwauron zabi a Legas, kaya kuma suka yi kwantai a arewa. A watan Janairun 2024 manoman Faransa masu zanga-zanga sun auna Rungis da taraktocinsu bisa irin wannan lissafi, har gwamnati ta girke motoci masu sulke a ƙofofin kasuwar.

Najeriya na da tata dokar binciken tasirin ayyuka a kan muhalli, mai lamba 86 ta shekara ta 1992, wadda ta biyo bayan abin kunyar jibge dattin masana'antu mai guba daga Italiya a garin Koko a 1988. Matsalar ita ce lokacin da ake yin binciken. Lokacin da aka fara hanyar gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba a 2024, babban ƙorafin masu suka shi ne katafila ta riga rahoto isa wurin. Rahoton da aka rubuta bayan an rushe gidaje ba shi da ikon sauya komai.

Ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, da na Kaduna zuwa Kano, tambayoyin da Rungis ta koyar a bayyane suke. Shin layin zai shiga kasuwannin hatsi da na dabbobi, ko kuwa zai tsaya nesa da su har sai an nemi motar da za ta ƙarasa? Wa zai sayi taragun sanyaya kaya, wa kuma zai sabunta su in sun tsufa? Wane lodi jirgin zai dawo da shi? Manomin da hanya ta ratsa gonarsa da makiyayin da ta datse masa burtali, an ji ta bakinsu kafin a zana taswira? Faransa, da duk dukiyarta da dokokinta na kusan shekaru 50, ta gina tashar Euro miliyan 20 ta bar taragu suka tsufa a kanta. Ƙasashen da ke cin bashi domin shimfiɗa layin dogo ba su da sararin yin irin wannan kuskure, kuma lokacin amsa waɗannan tambayoyi shi ne tun jirgin farko bai tashi ba.